Takardar Sunaye: Yadda Neman Gudummawa Ya Zama Sana'a a Amurka

Wajen shekarar 1750, wani limamin coci mai suna Gilbert Tennent ya yi sallama da Benjamin Franklin a birnin Filadelfiya. Yana so ya gina wa mabiyansa sabon ɗakin ibada, abin hannunsu kuwa bai kai ba. Franklin maɗabi'i ne kuma mai jarida, amma abin da ya fi fito da sunansa a garin shi ne iya haɗa kan jama'a su yi karo-karo: da hannunsa a kafa ɗakin karatu, da ƙungiyar 'yan kwana-kwana, da makaranta. Tennent ya roƙe shi ya taya shi zagayawa gida-gida, ya ce a'a. Sai limamin ya sassauto, ya ce to ya rubuta masa sunayen mutanen da ya san hannunsu a sake yake. Nan ma Franklin ya ƙi. A tarihin rayuwarsa ya bayyana dalili: mutanen da suka amsa masa kira sau da dama, bai kamata ya saka musu da nuna ƙofarsu ga kowane mai roƙo ba.

Shawara kaɗai ya yarda ya bayar. A fara da waɗanda aka tabbata za su bayar. Daga nan a je wa waɗanda ake kokwanto a kansu, a nuna musu sunayen waɗanda suka riga suka sa hannu. Waɗanda kuma ake ganin ko anini ba zai fito daga gare su ba, kada a tsallake su, don zato yakan ci amanar mai shi. Tennent ya yi dariya, ya yi godiya, ya bi shawarar sau da ƙafa. Ya tara fiye da abin da ya sa rai, ya gina cocinsa a titin Arch.

Takardar nan da Franklin ya hana, ita ce yau jarin wata sana'a sukutum. A manyan jami'o'in Amurka da asibitoci da gidajen tarihi akwai ofis da ba ya koyarwa, ba ya duba majiyyaci, aikinsa kawai ya san wa ke da kuɗi, nawa ne, kuma me zai sa ya saki. Sana'ar ta kawo wa ƙungiyoyin da ba na neman riba ba dukiyar da ba su taɓa mafarki ba. Ita ce kuma ta koya musu kallon sama har suka fara mantawa da na ƙasa.

Amurkawa sun fara yawon neman taimako tun ƙasar ba ta zama ƙasa ba. A 1641 mahukuntan Massachusetts suka tura mutum uku Ingila, Hugh Peter da Thomas Weld da William Hibbens, su nemo wa yankin tallafi, har da 'yar kwalejin Harvard wadda a lokacin shekararta biyar. Da suka isa suka gane baki kaɗai ba ya buɗe jaka, suka aika gida a rubuto musu abin da za su riƙa nunawa. A 1643 aka buga ɗan littafin a Landan, cike da yabon kwalejin da labarin shigar 'yan asalin ƙasar cikin Kiristanci, wato daidai abin da kunnen masu kuɗin Ingila na lokacin ke son ji. Wata bazawara mai dukiya, Anne Mowlson, ta ba da fam 100 don ɗaukar nauyin ɗalibi marar hali. Sunanta na gidan uba Radcliffe, kuma bayan shekara 250 aka raɗa wa kwalejin mata ta Harvard shi. 'Yan aiken dai ba su wanye lafiya ba. Hibbens ya koma gida da fam 500, Weld ya sha tsegumi kan lissafin kuɗi, Peter kuwa ya tsunduma cikin yaƙin basasar Ingila, aka kashe shi a 1660.

Franklin da kansa ya ƙara wata dabara a 1751, lokacin da ake son gina Asibitin Pennsylvania. Ya shawo kan majalisar yankin ta yi alkawarin fam 2,000 da sharaɗin mutanen gari su fara tara fam 2,000. 'Yan majalisa suka yarda, a zatonsu kuɗin ba za su taru ba. Mutanen gari kuma suka ga duk fam ɗin da suka bayar zai haifi ɗan'uwansa. Kuɗi suka taru, majalisa ta biya. Har gobe ƙungiyoyi na aika wa mutane saƙo cewa wani attajiri ya yi alkawarin ninka duk abin da aka bayar kafin tsakar dare.

Hanyar talakawa kuwa wani ɗan jarida ne ya nuna ƙarfinta. Faransa ta ba Amurka kyautar mutum-mutumin nan na 'Yanci da ke bakin tekun New York, amma dandamalin da za a ɗora shi Amurkawa ne za su gina, kuɗi kuma suka yanke. Gwamnan New York na lokacin, Grover Cleveland, ya ƙi sa hannu a fitar da dala 50,000. Masu hannu da shuni suka yi gum. A watan Maris na 1885 Joseph Pulitzer ya buɗe asusu a jaridarsa, The World, ya yi alkawarin buga sunan duk wanda ya bayar, komai ƙanƙantar abin. Wani ajin ƙananan yara a Davenport ta jihar Iowa ya aiko da dala 1 da santi 35. Zuwa watan Agusta an tara dala 100,000 da ɗoriya daga mutum wajen 120,000, akasarinsu abin da suka bayar bai kai dala guda ba. Da yayyafi kogi kan cika. Jaridar ma ta ci ribarta, don wanda ya aika kwabonsa sai ya sayi jarida ya nemi sunansa.

Wanda ya mayar da roƙo aiki mai tsari shi ne Charles Sumner Ward, ma'aikacin ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA. Ya gaji da yawon bara na shekara-shekara wanda ba shi da farko balle ƙarshe, sai ya ce a matse komai cikin 'yan kwanaki. A 1905 shi da Lyman Pierce suka gwada a Washinton, inda neman dala 300,000 na sabon gini ya tsaya cik, suka cike giɓin cikin kwana 27.

Yadda gangamin Ward ke gudana abin kallo ne. Tun kafin a kaɗa kuge, an zauna an rubuta sunan kowane ɗan kasuwa da ma'aikaci na gari a kan kati, kati guda mutum guda, da ƙiyasin abin da zai iya bayarwa. An kuma riga an je wa babban attajiri a asirce an karɓi alkawarinsa, don a sanar ranar buɗewa. Sai a kasa 'yan sa-kai rukuni-rukuni, kowane rukuni da shugabansa, a raba musu katuna, kowa ya ɗauki na wanda yake jin nauyinsa. Kullum da rana a haɗu a ci abinci, shugabanni su miƙe ɗaya bayan ɗaya su faɗi abin da suka samo, ana tafi, wanda ya zo da kaɗan yana sunkuyar da kai. A waje kuma an kafa ƙaton agogo inda kowa zai gani, hannunsa ba lokaci yake nunawa ba, kuɗi yake nunawa. Duk wanda ya taɓa halartar ƙaddamar da gidauniya a Kano ko Kaduna, ya ga yadda ake fara kiran babban mai ƙaddamarwa don na bayansa su ji kunyar faɗin ƙaramin adadi, ya san sinadarin da ke aiki a nan.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kai dabarar ko'ina. A watan Yuni na 1917 ƙungiyar Red Cross ta Amurka, da Ward a cikin masu tsarawa, ta nemi dala miliyan 100 cikin mako guda, ta samu har da rara. A shekarar ce kuma majalisar dokoki ta yarda a cire abin da mutum ya bayar sadaka daga kuɗin shigarsa kafin a yanka masa haraji. Wannan doka ta fi kowane agogo tasiri, kuma tun ranar farko ta fi amfanar mai babban haraji. Da yaƙi ya ƙare, waɗanda suka ƙware suka buɗe kamfanoni, suna karɓar lada su shirya wa coci ko asibiti gangami. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Cikinsu akwai John Price Jones, tsohon ɗan jarida wanda ya yi wa Harvard aikin gangamin 1919 da ya tara kusan dala miliyan 14. Jones bai yarda da hayaniya kaɗai ba. Mutum ne mai son fayil da alƙaluma, ya tara bayanan wa ya ba wa, nawa, yaushe. Daga irin wannan lissafi wani abu ya fito fili, wanda Harold Seymour, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aiki da shi, ya shahara da faɗa: a babban gangami, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin daga kyaututtuka goma na sama yake fitowa, wani kashin daga ɗari na biye, ragowar daga sauran jama'a gaba ɗaya. Da zarar shugaban jami'a ya ji haka, ya san inda zai kashe lokacinsa.

Hanyar kwabo ba ta mutu nan take ba. A 1938 Shugaba Franklin Roosevelt, wanda shi kansa ƙafafunsa sun shanye, ya kafa gidauniyar yaƙi da cutar shan inna. Ɗan wasan barkwanci Eddie Cantor ya yi kira a rediyo kowa ya aika sulalla na santi goma zuwa fadar White House. Buhunan wasiƙu suka cika ofis, sulalla miliyan 2 da dubu 680 a zagayen farko. Da irin waɗannan kuɗi aka biya binciken Jonas Salk, wanda aka sanar da nasarar allurarsa a 1955, da na Albert Sabin, mai maganin ɗigawa a baki. Ɗigon nan da aka yi shekaru ana bi gida-gida da shi a Arewacin Najeriya, har aka tabbatar da rabuwar ƙasar da ƙwayar cutar ta asali a 2020, asalinsa yana da alaƙa da canjin da yaran Amurka suka zuba a ambulan.

Amma ita ma hanyar jama'a takardar sunaye ta koma bi. Bayan zaɓen 1964, wani matashi mai suna Richard Viguerie ya je ofishin akawun majalisar wakilai, inda doka ta tilasta a ajiye sunayen masu ba 'yan takara gudummawa, ya kwafi sunaye da adireshi 12,500 na waɗanda suka ba ɗan takarar shugaban ƙasa Barry Goldwater dala 50 ko fiye. Da su ya kafa kamfanin aika wasiƙun neman kuɗi. Siyasa yake yi, amma ƙungiyoyin agaji ma tafarkin da suka hau ke nan: suna hayar jerin sunaye, suna musayarsa tsakaninsu. Wanda ya tausaya wa marayu sau ɗaya sai ya wayi gari akwatin wasiƙarsa cike da hotunan karnuka da dazuzzuka da tsofaffin sojoji.

Binciken masu kuɗi a matsayin aikin albashi ya kankama ne a shekarun 1970 da 1980. Kafin nan, tsofaffin ɗalibai ake tarawa a ɗaki, a karanto sunan abokan karatunsu, su ce wane ya yi arziki, wane ya auri 'yar masu shi, wane a bar shi kasuwa ta juya masa baya. Daga baya aka ɗauki ma'aikata, da yawansu masu ilimin kula da ɗakin karatu, su zauna da kundin sunayen manyan mutane da tsofaffin jaridu. Amurka ƙasa ce da takardunta ke a buɗe. Kuɗin gidan mutum yana rubuce a ofishin ƙaramar hukuma, hannun jarin shugabannin kamfani yana wurin hukumar kasuwar hannun jari, gidauniyar iyali dole ta bayyana wa ta ba, gudummawar siyasa ma haka. A 1982 mujallar Forbes ta fara fitar da jerin Amurkawa 400 da suka fi kuɗi. Kafin shekarun 1980 su ƙare masu wannan aiki sun kafa ƙungiyarsu, Apra, da ƙa'idojin ɗa'a.

Abu uku mai binciken ke aunawa: hali, wato ko mutum na da shi, alaƙa, wato me ya haɗa shi da wurin, da ɗabi'a, wato ko ya saba bayarwa. Sai ya rubuta shafi biyu ko uku ya miƙa wa wanda zai je. A ciki akwai sunan matar mutum da makarantar 'ya'yansa, da ranar da ya sayar da kamfaninsa, da cutar da ta kashe mahaifiyarsa, da adadin da ya dace a ambata. Mai binciken ba ya taɓa haɗuwa da attajirin. Maroƙin ƙasar Hausa zai gane aikin da kallo ɗaya, don shi ma ba ya buɗe baki a ƙofar mai kuɗi sai ya san sunan kakansa. Bambancin, maroƙi a bainar jama'a yake zuba iliminsa, wannan kuwa a aljihun tebur ake kulle shi.

Cewa aikin yana biya, ba gardama. Attajirin nan Michael Bloomberg ya gama Jami'ar Johns Hopkins a 1964, a shekarar da ta biyo baya ya aika mata dala 5. A 2018 ya ba ta dala biliyan 1.8 a tashi ɗaya. Jami'ar Stanford ta buɗe gangamin dala biliyan guda da ɗoriya a 1987, ana ta mamaki. Wanda Harvard ta rufe a 2018 ya kai biliyan 9.6. Da kwamfuta ta shigo, aikin da mutum ke yi a mako sai ya koma na daƙiƙa: ƙungiya ta tura wa kamfani sunayen magoya bayanta dubu ɗari, a dawo mata da su kowa da makinsa na arziki. Wasu asibitocin Amurka har majiyyatan da aka kwantar suke tacewa haka, don a san gadon da jami'in neman gudummawa zai leƙa ya yi sannu, kuma sauyin dokar sirrin majiyyata na 2013 ya ƙara musu sarari. Wannan dai, ko an ce doka ta halatta, da wuya a ce ya yi kyan gani.

Birtaniya ce ta fara taka birki. A 2015 wata tsohuwa mai shekara 92 a Bristol, wadda ta yi shekaru tana tara wa tsofaffin sojoji taimako, ta rasu, sai ya fito cewa ɗaruruwan wasiƙun roƙo ke zuwa mata a wata, don ƙungiyoyi sun yi ta miƙa wa juna sunanta. Danginta sun ce ba wasiƙun ne ajalinta ba, amma ran jama'a ya riga ya ɓaci. A Disamba 2016 hukumar kare bayanan jama'a ta ci tarar ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA fam 25,000, da gidauniyar ciwon zuciya ta British Heart Foundation fam 18,000, saboda auna arzikin masu ba su taimako ba da saninsu ba. A Afrilu 2017 wasu 11 suka bi sahu, har da Oxfam. Tarar ba ta taka kara ta karya ba, kunyar ce babba. Abin da Franklin ya ƙi yi wa maƙwabtansa sama da shekara 260 kafin nan, shi ne aka kama su suna yi da injin. A 2020 kuma ɓarayin intanet suka kutsa cikin Blackbaud, kamfanin da ke riƙe wa dubban ƙungiyoyi bayanan masu ba su gudummawa. Kamfanin ya biya kuɗin fansa, daga baya a 2023 ya yarda ya biya jihohin Amurka dala miliyan 49.5.

Wani aikin ya ƙaru a teburin mai bincike: ba nawa mutum ke da shi kaɗai ba, a ina ya samo. Gidan tarihi na Louvre a 2019, da na Metropolitan a New York a 2021, sun cire sunan iyalan Sackler daga bangonsu saboda alaƙar dukiyarsu da ƙwayar OxyContin da ta jefa ɗimbin Amurkawa cikin jaraba. A 2019 shugaban wata cibiyar bincike ta jami'ar MIT ya ajiye aiki da aka gano yadda aka karɓi kuɗin Jeffrey Epstein, attajirin da aka samu da laifin jawo ƙaramar yarinya cikin karuwanci, a ɓoye. A batun Epstein ba rashin sani ba ne, don hukuncin da kotu ta yi masa tun 2008 ba ɓoyayye ba ne. An sani, aka miƙa hannu.

Babbar matsalar ba ta yi ƙara irin waɗannan ba. Jimillar abin da Amurkawa ke bayarwa tana ta hawa, ta kai dala biliyan 557 a 2023, amma masu bayarwar raguwa suke yi. Masu bincike a Jami'ar Indiana sun gano cewa a 2000 gida biyu cikin uku na ba da wani abu ga ƙungiyoyin taimako, zuwa 2018 ba su kai rabi ba. Dalilan suna da yawa: karayar tattalin arziki ta 2008, raguwar zuwa coci, da dokar haraji ta 2017 wadda ta rage yawan masu matsakaicin hali da ke samun rangwame kan sadakarsu. Sai dai sana'ar ma tana da nata kason laifi. Ofishin da aka ce ya kawo miliyan goma bana ba zai ɓata ranarsa kan mai dala 20 ba. Mai dala 20 kuwa, idan ba a gode masa ba, ba a sake waiwayarsa sai da wata takardar roƙo, gaba yake yi. Cikin sababbin masu bayarwa biyar, wajen huɗu ba sa dawowa a shekara ta biyu. Da tsarin yau aka auna Bloomberg na 1965, ɗan shekara 23 mai dala 5, da makinsa bai kai a buga masa waya ba.

Intanet ta yi alkawarin dawo da zamanin Pulitzer, wani lokaci kuma takan cika. A bazarar 2014 mutane suka yi ta sheƙa wa kansu bokitin ruwan ƙanƙara suna ɗorawa a Facebook, ƙungiyar yaƙi da cutar ALS ta Amurka ta samu dala miliyan 115 cikin 'yan makonni. Amma irin wannan ruwa ba ya zuwa da damina, ba mai iya shuka da shi. Manyan masu kuɗi kuma sun sami wata ma'ajiya: asusun da mutum zai zuba dukiya ya karɓi rangwamen haraji yau, ya raba ta ranar da ya ga dama. A 2016 asusun Fidelity Charitable ya ture ƙungiyar agaji ta United Way daga matsayin wadda ta fi kowa karɓar gudummawa a Amurka. Kuɗin da ya fito ta irin wannan asusu yana iya zuwa ba suna, mai bincike ya rasa wanda zai rubuta a kati. Rufe hukumar agajin Amurka ta USAID a 2025 ya ƙara cunkoso a ƙofofin nan 'yan kaɗan, don ƙungiyoyin da ke ciyar da yara a Borno da Yobe da kuɗin gwamnatin Amurka su ma dole suka shiga layin gidauniyoyi da attajirai.

Ana cikin haka wata mace ta juya tabarmar. MacKenzie Scott, wadda ta fito daga aurenta da Jeff Bezos a 2019 da hannun jarin Amazon mai ɗimbin yawa, da farko ba ta buɗe ofishin karɓar takardun roƙo ba, ba ta halarci liyafar kowa ba. Ita ce ta ɗauki masu bincike, su bi diddigin masu nema. A ƙarshen 2020 ta bayyana cewa mutanenta sun duba ƙungiyoyi 6,490, suka zurfafa a kan 822, suka tsayar da 384, aka raba musu sama da dala biliyan 4 ba tare da sharaɗin yadda za su kashe ba. Da yawansu ƙananan kwalejoji ne da rumbunan rabon abinci waɗanda ba su da ofishin binciken kowa. Saƙon farko yakan zo ne ta imel daga wani baƙon suna, cewa akwai mai son ba da gudummawa, a kira wannan lamba kuma a riƙe sirri. Wasu shugabannin sun ɗauka 'yan damfara ne suka share, wasu kuma sai daga baya suka tsinci saƙon a kwandon tarkacen imel, inda kwamfuta ta jefa shi.